Likita Mila na Zariya (1872–1952): Baturen da Ya Juya Littafi Mai Tsarki Zuwa Hausa

Mutanen Zazzau ba sa bukatar a gabatar musu da dutsen Kufena. A gindinsa ne sarakunan Zazzau na dauri suka zauna bayan tasowarsu daga Turunku, kafin a kafa birnin Zariya na yanzu a ƙarni na 16, kuma har gobe ana ganin burbushin tsohuwar ganuwa a kewayensa. Dab da wannan dutse ne garin Wusasa yake, mai tsohuwar majami'a ta ginin ƙasa da asibiti da makarantu. Tushen Wusasa ta yau yana komawa ne ga aikin wani Bature ɗan mishan, Dokta Walter Miller, wanda Zage-zagi suka fi sani da Likita Mila. Ya yi shekara ashirin da huɗu yana zaune a cikin birnin Zariya, kuma shi ne ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista gaba ɗayansa zuwa Hausa, wadda aka buga a shekarar 1932.

Tun yana raye ra'ayin jama'a ya rabu a kansa, kuma ba mu da niyyar raba wannan gardama a nan. Abin da ya ja hankalinmu shi ne aikin da ya yi da harshe: yadda baƙo ya zo ya tarar da kalmomi masu iyayengiji, ya ara, ya ɗora musu kaya, da kuma abin da ya biyo baya.

Haihuwarsa da zuwansa ƙasar Hausa

An haifi Walter Miller a shekarar 1872 a garin Honiton da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew na birnin Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta darikar Angilika. A wancan zamani Turawan Ingila sun fara sanya ido a kan harshen Hausa. Wani Bajamushe mai suna J. F. Schön ya riga ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, ya kuma fassara sassa na Littafi Mai Tsarki, alhali kuwa bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Mafi yawan Hausarsa daga bakin Dorugu ya samo ta, wato yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Bayansa sai C. H. Robinson, wanda ya ziyarci Kano a 1894, ya dawo ya rubuta nasa ƙamus. Waɗannan ayyuka sun share fage, amma Hausar cikinsu ta littafi ce, Bahaushen kasuwa zai ji ta da baƙin ɗanɗano.

Mila bai so ya tsaya a kan wannan ba. A ƙarshen shekarun 1890 ya tafi Tarabulus ta ƙasar Libiya, inda fatake da alhazai Hausawa masu ratsa Sahara suke da zango, ya zauna yana koyon harshen daga bakin masu shi. A 1900 ya shiga ayarin mutum biyar ƙarƙashin jagorancin Bishop Herbert Tugwell, suka taso daga Ikko da nufin isa Kano. Sun biyo ta Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Kwasau, wanda ya karɓe su da mutunci. A Kano kuwa labari ya sha bamban, domin Sarki Alu ya ƙi ba su masauki na dindindin, ya umarce su da su fice daga birnin cikin 'yan kwanaki. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Ayarin ya watse ba tare da ya cim ma komai ba, sai dai Mila ya ƙudurta a ransa cewa zai dawo.

Ya kuwa dawo. Bayan Turawa sun mamaye Zariya a 1902, aka tuɓe Kwasau aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, Mila ya sami izinin zama a cikin birni a 1905, a Durumin Maigarke. Nan ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma a kan wannan alkawari gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta hana 'yan mishan shiga biranen Musulmi. Zariya na cikin 'yan wuraren da suka zama togaciya.

Birnin da ya tarar

Ya kamata mu tuna irin garin da Mila ya sauka. Zariya gari ne na malamai, wanda ya yi suna a ƙasar Hausa wajen nahawu da lugga, har almajirai kan taso daga nesa su zo unguwanni irin su Ƙona da Juma don su ƙware a Larabci. Sarkin da kansa, Aliyu Ɗan Sidi, malami ne kuma marubucin waƙoƙi da ajami, wanda har yau ake nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i. A zaurukan birnin, malami na zaune a kan buzu, ɗalibi na jan Larabci gaɓa-gaɓa, malamin na mayar masa da Hausa. In watan azumi ya kama, a buɗe Jalalaini, mai jan baƙi ya ja, malam ya fassara. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana wannan aiki, kuma da shi ne Hausa ta sami taskar kalmomin addini: zunubi, tuba, gafara, rahama, annabi, mala'ika, ruhu, lahira, alƙiyama, Attaura, Zabura, Linjila. Kowace daga cikinsu an goge ta a bakin malamai har ta zauna daram, manomi da ɗan koli duka sun san abin da take nufi.

Saboda haka da Mila ya zauna zai fassara littafinsa, ba fili fetal ya tarar ba. Ya tarar da gonar da aka riga aka nome, kuma kowace kunya tana da mai ita.

Aikin fassara

Wanda bai taɓa fassara ba yakan ɗauka cewa aikin bai wuce a buɗe ƙamus a musanya kalma da kalma ba. Duk ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka taɓa miƙa wa takardar Turanci aka ce ya karanta wa dagatai da masu unguwanni da Hausa ya san ba haka abin yake ba. To, in haka ne a takardar haraji ko ta rabon takin zamani, ina ga littafin da mabiyansa suka ɗauke shi maganar Ubangiji?

Wahalar farko mai sauƙi ce, wato ta abubuwan da ake gani da ido. Littafin ya taso ne daga ƙasar Falasɗinu, mai zaitun da inabi da alkama. A nan Hausa ba ta gaza ba, domin cinikin Sahara da aikin hajji sun riga sun kawo mata sunayen. Inda aka ambaci abincin da ake gutsurawa a raba, sai aka ɗauko gurasa, wadda kowa ya santa a kasuwar Kano. Makiyayi da tumakinsa, ɓaure, rijiya, masussuka, jaki da raƙumi, duka waɗannan Bahaushe ya fi Baturen Landan saninsu, har ana iya cewa wasu labaran littafin sun fi zama daidai a Hausa fiye da yadda suka zauna a Turanci.

Wahala ta biyu ita ce babba. Da wane suna za a kira Mahalicci? Mila da abokan aikinsa suka tsaya a kan Allah da Ubangiji, kamar yadda Kiristocin ƙasashen Larabawa suke yi tun kafin zuwan Turawa. Da wannan zaɓi ne ya zamanto yau Musulmi da Kirista a jiharmu suna kiran suna guda in suna addu'a, suna yi wa juna fatan alheri da lafazi guda a wajen biki ko zaman makoki. Amma kalma guda ba ta nufin fahimta guda. In aka ce ruhu, ko ceto, ko hadaya, abin da almajirin Ƙona zai fahimta daban, abin da ɗan majami'a ke nufi daban, kowa da inda karatunsa ya kai shi. Mai fassara yana tsakanin rami biyu: in ya ari kalmar da jama'a suka sani, za ta zo da tsohon kayanta a ka, in ya ƙirƙiro sabuwa, ba wanda zai gane ta sai an koya masa.

Mila ya bi hanyoyin biyu duka, gwargwadon wuri. A wasu wuraren ya ari abin da ya tarar. A wasu kuma aka shigo da baƙin kalmomi aka yi musu riga ta Hausa, irin su baftisma, firist da ikilisiya, waɗanda har yau ba a jin su sai a bakin Kirista. Inda zaɓin ya fi fitowa fili shi ne wajen suna. Hausawa sun san Annabi Isa, Alaihissalam, tun zuwan Musulunci, kuma wasu fassarorin farko sun yi amfani da wannan suna. Fassarar 1932 kuwa ta tsaya a kan Yesu Kristi. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa wannan hukunci ne a kan ma'ana: masu fassarar sun ga cewa sunan Isa ya riga ya cika da abin da Alƙur'ani ya faɗa a kansa, su kuwa wani abu daban suke son faɗa. Ba a rufe maganar daga nan ba. Da aka sake sabuwar fassara, wadda ta fito wajen 1979, sai aka mayar da Kristi ya koma Almasihu, Yohanna ya koma Yahaya, littafin Misalai ya zama Karin Magana, Kubawar Shari'a ta zama Maimaitawar Shari'a, Ru'ya kuma ta zama Wahayi. Wato bayan kusan shekara hamsin, sai aka sake matsowa kusa da Hausar da kowa ya sani.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, ko da yake sunansa ne ya fi fitowa. Akwai kwamiti na ƙungiyoyin mishan daban-daban da ya riƙa duba abin da aka fassara, a cikinsu har da Dokta Andrew Stirrett na S.I.M. da Lowry Maxwell na S.U.M. Sa'an nan akwai Hausawan da suka zauna da shi shekara da shekaru, yana karanta musu jimla suna ce masa ba haka ake faɗa ba. A ganinmu waɗannan ne ba a ba su haƙƙinsu ba a tarihi, domin duk ƙwarewar baƙo, kunnen ɗan gari ne ma'auni na ƙarshe. Ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ce ta ɗauki nauyin ɗab'in a 1932.

Yana da kyau mu lura cewa malaman Musulunci sun fuskanci irin wannan tambaya ta nasu ɓangaren, suka kuma amsa ta da taka-tsantsan. Sun daɗe suna fassara da baki ba tare da sun mayar da fassarar littafi mai zaman kansa ba. Ko da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya fitar da tasa a rubuce a 1979, tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ya kira ta, domin a wurin Musulmi nassin Larabci shi ne Alƙur'ani, abin da ke cikin Hausa kuwa bayani ne. A wurin Mila da mabiyansa, littafin Hausan shi ne littafin, da shi ake ibada, shi ake haddacewa. Wannan bambanci ne ya sa kowace kalma ta yi masa nauyi haka.

Ajami da boko

Akwai wani hukunci da Mila ya sa hannu a ciki wanda ya shafi kowa, Musulmi da Kirista. A farkon mulkin Turawa an yi muhawara a kan baƙaƙen da gwamnati za ta riƙa rubuta Hausa da su. Wasu Turawan sun goyi bayan ajami, tunda shi jama'a suka sani. Mila yana cikin waɗanda suka dage a kan baƙaƙen Rumawa, kuma yana da kunnen Lugga a wancan lokaci. Ya rubuta littafin koyon Hausa mai suna Hausa Notes a 1901, ya kuma yi aikin jarraba jami'an mulkin mallaka a harshen. Hujjarsa ita ce boko ya fi sauƙin ɗab'i, ya kuma fi nuna wasulan Hausa. Amma ba a ɓoye yake ba cewa yana fatan raba karatu da tasirin malamai. Boko ya yi rinjaye. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya tsara ƙa'idojin rubutu a 1912, G. P. Bargery, wanda shi ma da aikin C.M.S. ya fara zuwa ƙasar nan, ya fitar da babban ƙamus a 1934. A Zariya kuma Hukumar Talifi ƙarƙashin Dokta R. M. East ta haifi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939.

Da wannan rubutu muke rubuta shafin nan, don haka ba za mu raina amfaninsa ba. Sai dai an biya farashi. Malamin da ya ƙware a Larabci, yake rubuta wasiƙa da waƙa da ajami, ya wayi gari ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba, don kawai bai san a, ba, ca ba. Wannan rauni bai gama warkewa ba. Mun ga alamarsa a irin ce-ce-ku-cen da ya tashi a 2007, lokacin da aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardun naira.

Isawa da Gimi

A cikin birni, wa'azin Mila bai yi kasuwa ba. Mutane sun zo shan magani, sun yi masa godiya, sun koma masallatansu. Waɗanda suka bi shi 'yan ƙalilan ne, galibi yaran da suka tashi a gidansa. Jama'ar da ta fi karɓarsa daga wani wuri daban ta ɓullo, kuma labarinta shi ma na fassara ne.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, a tsakiyar ƙarni na 19, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda ya mayar da hankalinsa kacokan kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, ya fitar da fahimtar da malaman birnin suka ga ta kauce wa hanya. Aka yanke masa hukuncin kisa, almajiransa suka warwatsu zuwa ƙasar Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau, aka riƙa kiransu Isawa. Ba su taɓa ganin ɗan mishan ba. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iso wurin Mila a Zariya. Daga nan aka kafa musu ƙauye a Gimi, ta wajen Makarfi, inda suka yi noma suka buɗe makaranta. Amma wurin yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, sauran aka kwashe su, yaran suka koma makarantar Zariya. Daga wannan zuriya ne Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

Fita daga birni

Mila mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ganin abu ya yi shiru. Ya yi ta kai ƙarar hakimai da fadawa a kan zaluntar talakawa da cinikin bayi a ɓoye, ya kuma yi ta sukar Turawan mulki a kan cewa sun rufe ido. A wasu ƙorafe-ƙorafen yana da gaskiya. Amma ya kasa ganin alherin da ke cikin tsarin da ya tarar, kuma rubuce-rubucensa a kan Musulunci da sarautar Fulani suna da zafin da ya wuce kima. Dangantakarsa da Sarki Aliyu ta yi tsami, kuma rahotanninsa suna cikin abubuwan da suka share hanyar tuɓe sarkin a 1920, aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1924. Zage-zagi da yawa ba su yafe masa wannan ba. A tsakiyar shekarun 1920 kuma 'yar'uwarsa Ethel, wadda ita ma take aikin mishan, ta fitar da wata ƙasida da ta ɓata wa Musulmi rai ƙwarai, abin da ya ƙara wa masu son a fitar da mishan daga birni ƙarfin hujja.

A 1929, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim ɗan Kwasau, aka cim ma matsaya: mishan ta tashi daga Durumin Maigarke ta koma bayan ganuwa, a filin da aka ba ta a Wusasa. Rabaran Guy Bullen ne ya jagoranci ƙaurar. Magina Hausawa suka gina majami'ar da ƙasa, da bakan gizo irin na fada da masallatai, aka sa mata sunan St. Bartholomew, wato sunan asibitin da Mila ya yi karatu. Shi kansa bai ji daɗin tashin ba, bai kuma zauna a Wusasa ba. Kano ya koma, can ya ƙarasa fassarar. Makarantun da suka tsiro daga aikinsa sun yaye mutane irin su Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, da John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East. A Wusasa ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi ya yi karatun firamare. Kwalejin St. Paul da aka kafa a wurin daga baya ita ce aka sauya wa suna ta koma Kufena.

Wani abin mamaki shi ne inda littafin nasa ya sami masu karatu. Don Hausawan birni ya yi shi, amma waɗanda suka rungume shi su ne al'ummomin kudancin Kaduna, da Filato, da kudancin Bauchi, da Adamawa, masu harsunansu na gado daban-daban. Ƙungiyoyin mishan suka ga ba za su iya fassara wa kowace ƙabila nata ba, sai suka mayar da Hausa harshen majami'a da na ajin koyon karatu. Ta haka Bajju da Atyap da Birom da Angas da wasunsu masu yawa suka koyi karatu da Hausar da aka tace a cikin birnin Zariya, suka yi waƙoƙin ibada da ita, ta kuma bi su kasuwa da ofis. Mutumin da ya zo don ya sauya addinin Hausawa, ƙarshenta harshensu ya yaɗa zuwa inda fatake ma ba su kai shi ba.

Mila ya ajiye aiki da C.M.S. a 1935, ya koma Ingila ya wallafa tarihin gwagwarmayarsa a 1936. Zaman can bai karɓe shi ba. Ya dawo Nijeriya ya zauna a ƙasar Jos, yana koyarwa yana rubutu, har ya fitar da wani littafi a 1947 wanda a cikinsa yake tuhumar mulkin Ingila da gazawa a ƙasar nan. A can ya rasu a 1952, yana da shekara 80. Akwai iyalai a Wusasa da wasu garuruwan Arewa da har yau suke amsa sunan Mila, zuriyar yaran da suka tashi a hannunsa a Durumin Maigarke, kuma tsohuwar majami'ar ƙasa tana nan tsaye a gefen Kufena.